Tsinkayen Awon Ƙafa da Tekun Andalus

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Kontagora, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki Baban Sadiya, da fatan ƙarfin jiki na ƙara dawo masa. Ki shafa mini kan Sadiya da ƙannenta. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Babanki na zaune kusa da ni a kan tabarmarsa, ya ce in gaishe ku tun kafin in manta, ya kuma ce kada in cika takarda da wa'azi. Na ce masa to.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba na iya miƙe magana da ke. Da na ɗauko zance sai ki ce, "To Inna, na ji," alhali ko ƙofar zancen ban shiga ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ki sami wuri ki zauna, ki karanta ta a tsanake.

Kin gaya mini ku biyu za ku tafi hutu kudancin Turai, ƙasar Sifaniya, yankin da malamanmu ke kira Andalus, yara kuma za su zauna wurin kakarsu ta wajen uba. Kin ce da gangan kuka zaɓi lokacin sanyinsu, sa'ad da masu yawon buɗe ido suka watse, masauki ya yi sauƙi, ba dogon layi, ba turereniya. Na yi murna har cikin raina. Mutumin da ya sha kwanciyar asibiti kamar yadda mijinki ya sha, aka yi masa aiki, Allah Ya tashe shi, in ya ce yana son ya ga teku tare da matarsa, ba mai kiransa almubazzari. In kin ji wani ya faɗa, ki turo shi wurina.

Abin da ya sa na ɗauki biro guda ɗaya ne, gara in faɗe shi tun yanzu. Ina tsoron ki raka mijinki wannan doguwar tafiya, ku isa lafiya, sannan ki bar shi zaune shi kaɗai. Zan zo kan wannan. Bari in fara da ƙananan. Ni ban san Turai ba, abin da ban gani ba kuma ba zan ce na sani ba. Abin da nake da shi 'yan kurakuran da na yi ne a tafiye-tafiyena na kusa, sai ki auna su da taki mai nisa.

Kina goye na ƙudura zan kai wa ƙanwar mahaifiyata ziyara a Tungan Magajiya. Kowa da rani yake zuwa mata, lokacin bukukuwa, gida cike, ba ka samunta ku yi magana ta kirki. Sai na ga ni mai dabara ce, na ce da damina zan je in same ta ita kaɗai. Ban aika ba, ban tambayi kowa ba. Na sauka daga mota na tarar da gari tsit kamar an share shi. Ƙofarta a rufe, sai awaki a ɗaure, da wata tsohuwa a zaure tana gyaran kubewa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema ana tsakar noma? Ai gari yana gona." Ko mai ƙosai ba ta fito ba ranar. Na wuni a gindin mangwaro da yunwa, ke kuma kina ta kuka a bayana. Da ƙanwar mahaifiyar tawa ta dawo da yamma, jiki duk laka, ba mu gama gaisawa ba barci ya kwashe ta.

Abin da na koya ke nan: garin da baƙi suka bari, masu yi wa baƙi hidima ma sukan rufe su tafi harkar gabansu. Na ji kin ambaci wani ƙaramin gari a bakin teku da kike son ku kwana. Ki tambaya tun kina gida. Masaukin a buɗe yake a wannan watan? Akwai mai sayar da abinci kusa? Mota ko jirgin ƙasa na zuwa kullum, ko sai jefi-jefi? Hoton da kika nuna mini a waya, mutane cike da bakin ruwa, rana ƙwal, ai da zafi aka ɗauke shi. Kada ki yarda da hoto, ki sa mutum ya amsa miki da bakinsa. Kuma duk inda za ku sauka ki san ta ina asibiti yake. Maganin mijinki da takardar likitansa su zauna a jakar hannunki, ba a akwatin da za a jefa cikin jirgi ba.

Kada kuma ki auna sanyinsu da namu. Namu in rana ta ɗaga ya tafi. Nasu, yadda na ji, da ruwan sama yake tafe, kamar a haɗa maka damina da sanyi wuri guda. Ki nemi takalmi rufaffe, da safa mai kauri, da lema, da rigar sanyi mai nauyi, musamman shi da jikinsa bai gama komawa ba. Kwalliya ta jira ki dawo.

Sai maganar salla, kin san ba zan tsallake ta ba. Wata shekara muna hanyar Zariya, direba ya tsaya a yi azahar. Kowa ya yi ƙasaru ya koma mota. Ni kuwa na ce ba zan rage wa Ubangijina komai ba, na cika raka'o'ina, na ƙara da nafila, na zauna lazimi. Direba na ta danna ham, wata mai ciki tana ta zufa a kujerar baya. Da na shigo sai direba ya ja mota. Da na ba malaminmu labari, ina jiran ya yaba, sai ya ce mini rangwamen da aka yi wa matafiyi kyauta ce daga Allah, ni kuma na mayar da kyautar, na haɗa da cutar da bayinSa. Tun ranar ban sake ba. Ku tambayi malami kafin ku tashi ya fayyace muku yaushe za ku yi ƙasaru, yaushe za ku cika, da yadda ake haɗa salloli a kan hanya. Kin ce yininsu gajere ne a wannan lokaci. To azahar da la'asar da magariba za su riƙa bin juna kurkusa, sai ku tsara fitarku a kan haka. Garuruwan nan da kika jero mini kuwa, ko direban haya ba zai zaga su a 'yan kwanakin nan ba. Ki rage su, ki sake ragewa.

Babanki ya ce in gaya muku akwai wani tsohon masallaci a birnin Ƙurɗuba, can Andalus, da ya sha jin labarinsa tun yana ɗalibi. Ya ce yanzu yana hannun Kirista, kuma ba a barin a yi salla a ciki. In kun je ku shiga da ladabi, ku kalla, ku yi addu'arku a zuci, ku fito ku nemi inda aka yarda. Ba jayayya ta kai ku ba. Abinci kuma, ku tambaya ba kunya ko akwai alade ko giya a ciki, in kun yi shakka ku ci kifi. Kilishin da kika ce za ki ƙunsa, ki bar wa yara, an ce nama ba ya wuce masu bincike a filin jirginsu.

Yanzu na zo kan maganar.

Tun da labari ya bazu cewa za ki Turai, gidan nan bai huta da sallama ba. Duk wanda ya kira ki sai ki ce, "Ba komai, a ba Inna ta ajiye." Gwaggonki Asabe, yayar Babanki, ita ta buɗe hanya. Ta shigo ta zari tsinke daga tsintsiyata, ta taka ƙasa, ta auna tafin ƙafarta, ta karya shi daidai, ta ɗaura masa jan zare.

Ta ce, "A ba Ummi. Takalmin Turai nake so, mai laushi, wanda ba ya cizo. Kuma kada ta kawo mini baƙi, ba takaba nake ba."

Na ce, "Yaya, ai yanzu lamba ake faɗa."

Ta ce, "Lamba ta sha yi mini ƙarya. Tsinke bai taɓa ba."

Daga nan kowa ya bi sahu. Wannan da koren zare, wancan da fari, na jikoki gajeru kamar ashana. Har daga Kaboji an aiko da tsinke a cikin ambulan. Tsintsiyata duk ta rame. Ban da masu jaka, da masu turare, da masu man shafawa na ciwon gwiwa. Da na gaya miki a waya sai kika yi dariya, kika ce ai ya ma yi daidai, a wannan lokacin ne kantunansu ke karya farashi, za ki ware ranaku ki zaga. Ni ma na taya ki dariyar, don a lokacin ban ga komai a ciki ba.

Sai ranar da mijinki ya zo yi mana sallama. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya rame amma fuskarsa a sake. Yana ba Babanki labarin wani gari da aka shuka lemo a bakin tituna, wai da sanyi yake nuna, mutum na tafe yana ganinsa a sama. Babanki ya tambaye shi me zai yi a can. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, so nake kawai mu sami wuri mu zauna. Tun da muka yi aure ba mu taɓa zama ba tare da wani na jiranmu ba. Da nake kwance a asibiti abin da ya fi damuna ke nan."

Bai rufe baki ba sai ga Gwaggonki. Ta ce, "Yauwa, ga ɗan aiken ma ya zo da kansa." Ta sa na ɗauko damin tsinkayen, aka ajiye a gabansa, tana nuna masa nata da jan zare. Ya ɗauka da hannu biyu ya ce, "In sha Allahu, Gwaggo." Kin san shi. Amma na ga yadda fuskarsa ta koma, kuma ba yau na fara ganin irinta ba. Na ce masa ya bar su, zan haɗa in aiko daga baya.

A bakin ruwan Kainji na taɓa ganin wannan fuskar. Ban taɓa ba ki labarin yadda ya kamata ba.

Kina ƙarama, Babanki ya sayar da hatsinsa ya sami sarari, ya ce zai kai ni in ga ruwan Kainji. A zamanin, namiji ya ɗauki matarsa, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, don kawai su kalli ruwa, abin dariya ne. Abokansa na kasuwa har suna suka sa masa, wai Bature. Shi ya sa ya zaɓi tsakiyar damina, lokacin da ba kowa a masaukin baƙi, ba idon sani. Muka bar ki wurin kakarki. Ni kuwa na yi abin da kika yi. Na bi gida-gida ina sallama, duk inda na shiga sai a ce kifi, busasshen kifin Kainji. Ni kuma, "Ba komai."

Da muka isa na ga ruwa iya ganin ido, na ce Allahu Akbar, na juya na tambayi ina masu banda suke. Na cika kwanduna. Abin da ban yi tunani ba shi ne damina ce, busasshen kifi kuma ba ya shiri da danshi. Kafin ka ce me, ya fara fumfuna. Na shimfiɗa zannuwana a ɗakin masauki na baza shi. In rana ta leƙo in kwasa in fitar, in hadari ya taso in kwaso da gudu. Ga kyanwa, ga kiyashi. Ɗaki ya ɗau ƙarni, har rigunan Babanki.

Shi kuwa ya sami wani dutse kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ya dawo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ki zo ki ga yadda ruwan ke sake launi in hadari ya haɗo."

Na ce, "Malam, wa zai tsare kifin Yaya Asabe?"

Ya koma. Da yamma ya sake zuwa, ya ce, "Akwai wuri a kan dutsen nan, ya ishe mu mu biyu."

Na ce, "Bari in juya na ƙasan."

Haka muka yi har ranar komawa. Ana ɗaure kwanduna a saman mota, direba ya tambayi Babanki ko fataucin kifi muka zo. Ya ce, "A'a, hutu na kawo su. Sun gaji da zaman ruwa." Duk motar aka yi dariya, har da ni. Sai da na waiwaya na ga shi bai yi ba, yana kallon ruwan ta taga.

Rabin kifin ya lalace a hanya. Na ce a raina ba komai, za mu koma. Sai haihuwar ƙannenki, sai makaranta, sai wannan, sai wancan, sai ido ya fara ba shi matsala. Yanzu kin san yadda yake, yana bambance haske da duhu, ni kuma da takuna yake gane ni. Ruwan yana nan inda yake, in na so gobe ma a kai ni. Amma wanda zai ce mini "dubi can" ba ya iya nunawa kuma.

Ban kawo wannan don ki ji tausayinmu ba. Bai taɓa goranta mini ba, muna zamanmu lafiya, muna dariyarmu. Na kawo shi ne don ki gane abin da na gani a fuskar mijinki. Zumunci ibada ne, tsaraba kuma al'ada ce mai kyau, ba ni zan rushe ta ba. Amma mutumin da ke gefenki yana da haƙƙin da ya riga na masu jira a gida. Allah Ya dawo miki da shi daga inda ba kowa ke dawowa ba. Ya nemi lokacin da gari ba kowa don ya same ki, ba don ki sami kanti ba layi ba. In kin shiga neman takalmin da zai yi daidai da tsinke, kanti bayan kanti, cikin ruwa da gajeren yini, ba zai hana ki ba. Zai riƙe miki jaka, ko ya ce ki je zai jira ki a bakin ruwa. Kuma zai jira.

Na san ba za ki iya ce wa Gwaggonki a'a ba. A wurina kika koyi rashin iyawar, don haka ni ya kamata in gyara. Jiya bayan la'asar na yafa mayafina, na ɗauki damin, na bi gida-gida na mayar wa kowa tsinkensa. Na gaya musu ni na hana, ba ke ba. Wasu sun ce ba komai, wasu sun ce ba komai da wata irin murya. Na Kaboji na ba mai mota ya kai. Gidan Gwaggonki na bari ƙarshe, sai da na tsaya a zaure na yi addu'a kafin in yi sallama.

Ta karɓi tsinken tana jujjuya shi. Ta ce, "Au, nawa ne ya yi wa jirgin nauyi?"

Na ce, "Yaya, mai jinya za ta kai hutu, ba kasuwa za ta ba."

Ta ce, "Ke da kika kwaso mana ruɓaɓɓen kifi daga Kainji, yau ke ce mai hana aike?"

Ashe ba ta manta ba. Na ce, "Saboda kifin ne ma, Yaya."

Ta dube ni. Ta san ƙaninta, ta kuma san yadda ya dawo daga tafiyar nan. Can sai ta karya tsinken ta jefa a murhu. Ta ce, "A ce wa yaron ya sa hula mai rufe kunne. Kunnuwansa manya ne, sanyi zai fara da su." Na yi mata alkawarin ranar kasuwa zan raka ta da ƙafarta, a gwada mata takalmi a gabanta, ba baƙi ba.

Saboda haka, Ummi, kada ki ɗauki waya ki bi su kina ba da haƙuri, ki sake karɓar abin da na mayar. Na san ki. In ranki bai kwanta ba, ranar da za ku taso ki sayi abu iri ɗaya, alewa ko ɗan man zaitun, in kin dawo ni zan raba. Sauran kwanakin na mijinki ne. In ya ce ki zo ki ga wani abu, ko me ke hannunki ki ajiye. In ruwan sama ya hana ku fita, kada ki ce an yi asarar yini, ki haɗa masa shayi ku zauna a taga. Wayar ma ki riƙa kashe ta, yara suna hannu nagari, mu kuma saƙo guda a yini ya ishe mu.

Na karanta wa Babanki abin da na rubuta. Ya ce, "Kin dai cika ta da wa'azin." Da na kai wajen Kainji kuwa, sai ya ce, "Dutsen ma ba daɗin zama gare shi ba, duk tsini ne." Na ce masa na ji, amma da na zauna.

Na tambaye shi ko yana da saƙo, tunda na hana kowa. Ya ce yana da shi, kuma nasa ba ya bukatar akwati. Ya ce in kun dawo ku zo ku ba shi labarin tekun, yadda yake da safe, yadda yake in hadari ya haɗo. Amma ba tare zai ji ku ba. Ke ki shiga ki ba shi naki, ki fito, mijinki ya shiga ya ba shi nasa. In labarin ya zo ɗaya, ya san wuri guda kuka zauna. Ni ma tsarabata ke nan, zan kasance a bakin ƙofa ina saurare.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku a sama da ƙasa, Ya haɗa ku da mutanen kirki a inda ba ku san kowa ba, Ya ƙara wa mijinki lafiya, Ya bar ku tare. Na ba da amanarku ga Wanda amana ba ta ɓacewa a wurinSa. Kada ki manta da addu'ar hawa, kuma in kun tsaya a bakin ruwan ki sa mu a ciki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Inna.